Yadda Ake Yaɗa Ayaba a Kwalba da Kayan Haɗi Masu Arha

Gindin ayaba guda, ko ya samu ruwa da taki yadda ya kamata, da wuya 'ya'yan da zai bayar a shekara su wuce biyar zuwa goma. Mai son dasa hekta ɗaya a tazarar mita 3 da mita 2 kuwa tushe 1,667 yake buƙata. Shi ya sa manomi kan bi gonaki yana tsintar 'ya'ya nan da can, ya kwaso har da ƙwaron da ke huda gindi da tsutsar da ke cin saiwa, ya kai sabuwar gonarsa. Rainon tsiro a kwalba yana maganin duka biyun. Idon ɗan ayaba ɗaya, wato ɗan wurin da ke tsakiyar gindinsa inda sabon ganye ke tsirowa, in yana ninkawa sau uku a kowane zagaye na rabawa da sake dasawa a sabuwar kwalba, zagaye shida zai ba ka 729, kansu ɗaya, babu ƙwaro babu tsutsa.

Abin da ke korar ƙananan ɗakunan gwaji da makarantun aikin gona daga wannan aiki shi ne tsadar kayan haɗi, wato abincin da ake zuba wa tsiron a kwalba, domin kusan dukansu daga waje ake shigo da su. Da yawa daga cikinsu ana iya musanya su da abin da ke kasuwarmu, amma ba duka ba. Sukari, ruwa, kwalba, tukunyar kashe ƙwayoyin cuta da abin daskarar da haɗi, waɗannan suna karɓar musanya. Tsafta, sinadarin da ke sa tsiro ya yi rassa, da lafiyar uwar da aka ciro ɗan daga gare ta, waɗannan kuwa nan ne arha ba ta ado.

Haɗin da ake auna kowane haɗi da shi

Kafin ka sauya komai, ka san haɗin asali, wanda Murashige da Skoog suka fitar a 1962, ake kiransa MS. A lita ɗaya ta ruwa ana zuba garin MS, wato gaurayen gishirin abincin tsiro, giram 4.4, sukari giram 30, da aga giram 7 zuwa 8. Aga garin ciyawar teku ne da ke daskarar da haɗin, kuma shi ne ya fi komai cin kuɗi a cikinsa. Ana daidaita tsamin haɗin a pH 5.8 kafin a zuba aga (pH ma'aunin tsami ne, yana sauka in tsami ya ƙaru). Don yawaita rassa ana ƙara BAP, sinadarin da ke sa tsiro ya yi rassa, miligiram 3 zuwa 5. Don fitar da saiwa ana cire BAP, a rage garin MS zuwa rabi, a sa IBA ko NAA, sinadaran da ke sa saiwa ta fito, miligiram 0.5 zuwa 1.

Duk lokacin da za ka gwada wani madadi, ka ajiye kwalabe aƙalla goma a kan wannan haɗin, ka sauya abu ɗaya tak a sauran. In ka sauya sukari da ruwa da aga rana guda, tsiron ya lalace, ba za ka san wanne ne ya kashe shi ba.

Sukari da ruwa

Farin sukarin shayi na kanti yana aiki kamar na ɗakin gwaji, giram 30 a lita. Ka guji jan sukari da mazarƙwaila, saboda suna ɗauke da datti da gishirin da ba ka san adadinsa ba, suna kuma ƙara baƙanta tsiro.

Ruwan sama shi ne mafi kyawun madadin tataccen ruwa. Ka bar ruwan farko ya wanke kwano, ka tari na baya a roba mai tsabta, ka tace da ƙyalle, ka tafasa. Ruwan famfo yana yi in an tafasa shi an bar shi ya kwana don kulorin ya fita. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai kanwa-kanwa, wanda ke barin farin dafi a gindin buta, kada ka kusance shi: yana ɗaga pH, yana kuma sa ƙarfe da fosfet su kwanta a ƙasan kwalba inda tsiro ba zai amfana da su ba.

Sitacin rogo a madadin aga

Nan ne mafi yawan rangwamen yake, nan ne kuma aka fi yin kuskure.

Sitacin da ake so shi ne tsantsa na abinci. Sitacin guga ba ya yi, domin wani akan sa masa turare ko bula. In za ka yi da kanka, ka feraye rogo, ka goge, ka matse cikin ruwa, ka tace, ka bar farin ya kwanta na 'yan awoyi, ka tsiyaye ruwan sama, ka sake wanke shi sau uku kafin ka shanya. Wankin yana fitar da gubar rogo. Kada ka bar shi ya kwana biyu a jiƙe, domin zai yi tsami, sitaci mai tsami kuwa yana jawo pH ƙasa kuma ba ya kamawa sosai.

Adadin da ke tsayar da tsiro yana tsakanin giram 60 zuwa 100 a lita, gwargwadon irin rogon da yadda aka sarrafa shi. Don haka kowane sabon sitaci ka gwada shi a giram 60, 80 da 100, ka ɗauki mafi ƙarancin da zai riƙe guntun ayaba a tsaye ba tare da ya nutse ba. Ana haɗa shi kamar damun koko: ka ɗebi kaso ɗaya cikin huɗu na haɗin yana da sanyi ka dama sitacin har ya narke babu gudaji, ka ɗora sauran a wuta, in ya yi zafi ka tsiyaya damammen a hankali kana juyawa ba tsayawa. Wajen digiri 60 zuwa 70 zai fara kauri ya sauya launi. Ka sauke, ka zuba a kwalabe da zafinsa, mililita 25 zuwa 30 kowace. Wanda ya zuba ɗanyen sitaci a kwalba ya sa a tukunya ba tare da ya dama shi a wuta ba, zai tarar da dunƙule a ƙasa, ruwa tsululu a sama.

Sitaci yana da aibi biyu da ya kamata ka sani tun farko. Na ɗaya, yana saki. Bayan mako biyu zuwa uku tsiron kan fara narkar da shi, sai ka ga haɗin ya zama ruwa-ruwa, rassan sun kwanta. Maganin wannan shi ne a gauraya: sitaci giram 50 zuwa 60 da aga giram 2 zuwa 3 a lita. Ka rage kusan kashi biyu cikin uku na agar da kake saye, haɗin kuma ya tsaya har ƙarshen zagaye. A ganinmu wannan gaurayen ya fi sitaci zalla ga duk wanda ke aikin don sayarwa.

Na biyu, sitaci fari ne, ba a gani ta cikinsa. Bakteriyar da ke ɓoye a cikin tsokar ayaba tana fitowa ne fari-fari mai yauƙi a kewayen gindin tsiro. A kan aga za ka hange ta nan da nan, a kan sitaci kuwa sai ta saje, ka yi ta raba ta kwalba zuwa kwalba da wuƙarka. Saboda haka matakin farko, wato dasa idon a kwalba karon farko, da zagaye ɗaya ko biyu na bayansa ka yi su a kan aga zalla. Kwalaben ba su da yawa a lokacin, kuɗin kaɗan ne. Sai ka tabbatar tsiron tsaf yake sannan ka koma sitaci.

Sitacin masara ma yana yi, sai dai ya fi taurin kamawa kuma yakan tsage ya fitar da ruwa. A matakin saiwa za ka iya barin abin daskarewa gaba ɗaya: ka shimfiɗa audugar asibiti a gindin kwalba, ka zuba haɗi har ta jiƙe amma bai sha kanta ba, ka dasa tsiron a kai.

Ruwan kwakwa, da abin da ba zai iya ba

Ruwan ɗanyar kwakwa yana ɗauke da sukari, sinadaran gina jiki, da ɗan abin da ke sa tsiro ya yi rassa. Ka tace shi, ka ɗumama zuwa wajen digiri 80 na minti goma, ka bar abin da ya dunƙule ya kwanta, ka sake tacewa, ka raba a ƙananan robobi ka daskare a firiza. Ana sa mililita 100 zuwa 150 a lita, kafin a daidaita pH, domin shi kansa yana da ɗan tsami. Rassa kan fito kore shar masu ƙwari a kansa.

Sai dai ba ya maye gurbin BAP. Da shi kaɗai ido ɗaya zai miƙe ya zama tsiro ɗaya ko biyu. Abin da yake yi shi ne ya ba ka damar rage BAP zuwa miligiram 2 ko 3. Kuma babu dalilin gudun BAP, tunda giram ɗaya yana haɗa lita 200 a miligiram 5. Ka auna miligiram 100, ka narkar da 'yan ɗigon ruwan NaOH (sodar yin sabulu), ka cika da ruwa zuwa mililita 100, ka ajiye a firij. Kowace mililita ɗaya miligiram ɗaya ke nan, sai ka riƙa ɗiba da sirinji.

Takin zamani a madadin garin MS

Wannan ya fi sauran haɗari. Takin buhu irin NPK 15-15-15 ba ya yi ko kaɗan, saboda ba ya narkewa duka kuma yana da cikon da tsiro a kwalba ba ya jurewa. Wanda ake gwadawa shi ne takin feshi a ganye, mai narkewa tas, wanda aka rubuta yana da ƙarfe, zink, manganis da boron. Ka fara da giram 1 zuwa 2 a lita. Irin wannan taki sau da yawa ba shi da kalsiyam da magniziyam, alhali MS yana da kalsiyam kulorayid miligiram 440 da magniziyam salfet miligiram 370 a lita. Na biyun shi ne gishirin Epsom da ake samu a kemis, sai ka ƙara da kanka. Ka kuma duba takardar jikin takin: in yawancin naitirojin ɗinsa yuriya ne, kada ka yi amfani da shi.

Shawararmu ita ce a bar garin MS a matakin farko da na yawaita rassa, a gwada takin feshi a matakin saiwa kawai, inda tsiron ya riga ya yi ganye kuma ba ya buƙatar abinci mai ƙarfi.

Kashe ƙwayoyin cuta

Kwalaben jam ko na mayonis masu murfin da ke jure zafi sun isa. Tukunyar girki mai matsin tururi tana yin aikin injin ɗakin gwaji. Abin nema shi ne digiri 121 na minti 15 zuwa 20. Wasu tukwanen gida ba sa kai wannan zafin, don haka ka ba su minti 25 zuwa 30, kana ƙirgawa daga lokacin da ta fara fito. Ka sassauta murafen kwalabe kafin ka rufe tukunya, ka jera su kan wani abu don kada su zauna cikin ruwa, in ka kashe wuta ka bar matsin ya sauka da kansa. In haɗin ya fito ruwan kasa-kasa, sukari ya ƙone, lokaci ya yi yawa. Ka ajiye kwalaben kwana huɗu zuwa bakwai kafin ka dasa komai. Duk wadda za ta yi fumfuna ta yi tun ba ta ci maka tsiro ba.

In babu teburin iska mai tacewa, wanda ake yanka tsiro da dasa shi a kansa don kada ƙura ta shiga kwalba, babbar robar ajiya mai garai-garai da aka huda wa ƙofofin hannu biyu tana yi. Ka rufe tagogi, ka kashe fanka, ka goge cikinta da hannuwanka da sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin 100. Kada ka kunna wuta a cikin robar bayan ka fesa sifirit. Fitilar gasa wuƙa da hantsaki ta tsaya a waje. Lokacin hunturu, da ƙura ke shiga ko'ina, ka goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma ka jira rabin awa kafin ka buɗe kwalba.

Zaɓen ɗa da fitar da ido

Rainon kwalba yana raba tsiro da ƙwaro da tsutsa, amma ba ya raba shi da bairas. Cutar da ke cunkushe ganyen ayaba a ka, ta hana ta haihuwa, wadda darɓar ayaba ke yaɗawa, an gano ta a jihar Ogun tun 2011. In uwar tana da ita, duk 'ya'yan kwalbar za su gaje ta. Ka zaɓi uwar da ka ga nononta da idonka, ganyenta babu zane-zane ko tsukewa. In don sayarwa kake yi, ka aika samfurin ganye a gwada a cibiya mai kayan gwajin bairas, irin IITA da ke Ibadan. Agade yana da tasa matsalar: bairas mai sa zane a ganye yana kwance a cikin ƙwayar halittarsa, kuma wahalar rainon kwalba na iya tayar da shi, don haka a riƙa duba shukar a gandun raino.

Ɗan da ake so shi ne mai siririn ganye kamar takobi, mai kaurin gindi, tsawon santimita 40 zuwa 100. Mai faɗin ganye tun yana ƙarami raunanne ne. Ka sare saiwoyi, ka feraye gindin, ka ɓare ɓawon jikin har ya rage guntu mai tsawon kamar santimita 5 da faɗin 3, rabi gindi rabi kara. Ka wanke da sabulun ruwa a ƙarƙashin ruwa mai gudu. Daga nan aiki ya koma cikin roba: ka tsoma a sifirit na daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya, sannan a bilic. Bilic na kanti irin Jik yawanci kashi 3.5 cikin 100 ne, sai ka sirka shi rabi da rabi da ruwa, ka ɗiga sabulun ruwa sau biyu, ka jiƙa guntun minti 15 zuwa 20 kana girgizawa. Ka ɗauraye sau uku da ruwan da ka dafa a tukunyar matsi.

Sai ka yanke duk inda bilic ya ci, ka ci gaba da ɓare ganye ɗaya bayan ɗaya da wuƙar tiyata har ya rage kamar santimita ɗaya, idon yana tsakiya, da ɗan gindi a ƙasa. Ka tsaga shi biyu daga sama zuwa ƙasa ta tsakiyar idon. Tsagawar tana karya ikon babban ido, sai ƙananan idanun gefe su farka. Ka dasa kowane rabi a kwalbarsa, gindin ya ɗan nutse cikin haɗi.

Cikin kwana biyu zuwa uku za ka ga baƙi yana malala daga wurin yanka. Ruwan jikin ayaba ne ya haɗu da iska, kuma in ya taru yana toshe tsiro ya kashe shi. Agade ya fi ayabar ci yin haka. Ka sa bitamin C miligiram 50 zuwa 100 a litar haɗi, ka ajiye kwalaben a duhu makon farko, kuma da zarar baƙin ya kewaye tsiron ka ciro shi, ka kankare wurin, ka mayar sabuwar kwalba, ko da bayan kwana bakwai ne.

Yawaita rassa

Ɗakin raino yana son digiri 26 zuwa 28 da haske na awa 16. Fitilun LED sun fi dacewa don ba sa ƙara zafi, hasken taga da bai bugi kwalba kai tsaye ba ma yana yi. A garuruwan da bazara ke kai zafi sama da digiri 40, ka zaɓi ɗaki mafi sanyi a ginin, domin cikin kwalba ya fi waje zafi.

Bayan mako huɗu zuwa shida tsiron zai yi kore ya kumbura. Daga nan kowane mako uku zuwa huɗu ka fito da dunƙulen, ka datse ganye, ka kankare baƙin gindi, ka raba shi gida-gida, kowane da rassa biyu ko uku. Ninki biyu zuwa huɗu a zagaye shi ne abin da aka saba gani.

In rassa sun kumbura da ruwa, ganyen ya yi garai-garai yana karyewa, haɗin ya yi laushi da yawa ko BAP ya yi yawa. Ka ƙara aga, ka rage BAP, ka ɗan sassauta murfi. In kuma kana ganin dunƙulen fararen idanu birjik da ba sa miƙewa, BAP ne ya yi yawa, ka huta masa zagaye ɗaya a miligiram 1 ko 2.

Kada ka wuce zagaye shida zuwa takwas daga ido ɗaya. Kwaɗayin ci gaba da rabawa yana haifar da shukar da ta sauka daga siffar uwarta. A ayabar Kabandish wadanni ne ke fitowa. A agade irin Agbagba na kudancin Najeriya, mai manyan 'ya'ya kaɗan, wasu kan koma masu ƙananan 'ya'ya da yawa. Manomi ba zai gane ba sai bayan ya yi kusan shekara yana ban ruwa. Ka rubuta lambar uwa da lambar zagaye a jikin kowace kwalba.

Saiwa da fitarwa waje

Reshen da ya kai santimita 3 zuwa 4 da ganye biyu ko uku, ka ware shi shi kaɗai ka sa a haɗin saiwa. Ƙarin garin gawayin magani giram 0.5 zuwa 1 a lita yana duhunta gindin ya kuma tsotse ragowar BAP. Cikin mako uku zuwa huɗu fararen saiwoyi za su fito.

Wajen fitarwa, ka wanke saiwar tas da ruwa. Wannan ya fi muhimmanci ga wanda ya yi amfani da sitaci, domin ɗan abin da ya maƙale abincin fumfuna ne, kwana kaɗan gindin zai ruɓe. Ƙasar dasawa ta zama kashi biyu ƙasar sama, kashi ɗaya ƙonannen buntun shinkafa ko yashi, a turara ta a cikin ganga na awa ɗaya, a bar ta ta huce. Ka dasa, ka rufe da farar leda a inuwa, kana yayyafa ruwa safe da yamma. Ganyen da ya tashi a kwalba bai iya riƙe ruwa ba, in ka bar shi a iska rana ɗaya zai yanƙwane. Bayan mako ɗaya ka fara ɗage ledar awa ɗaya, gobe awa biyu, har a mako na biyu ko na uku ka cire ta. Da hunturu ka tsawaita wannan, ka kuma kare gefen da iska ke bugowa da zana.

Sai a mayar da su baƙar ledar raino mai ƙasa da ruɓaɓɓen taki, a bar su mako shida zuwa takwas a ƙarƙashin rumfa, ana rage inuwar a hankali. A nan ne za ka cire duk wanda ya fita daban: gajere mai cunkusasshen ganye, ko mai zane, ko mai murɗaɗɗen ganye. Wanda ya kai santimita 20 zuwa 30 da ganye biyar ko shida ya isa gona. Ka dasa a farkon damina, ko a lambu mai tabbataccen ruwa, da yamma, a ramin da aka cakuɗa ƙasarsa da taki, ka lulluɓe kewayen da ciyawa. Shukar kwalba ba ta da babban gindin da ɗan ayaba na gargajiya ke rayuwa a kansa, don haka a watanni biyu na farko ba ta jure ƙishirwa ko ciyawar da za ta shaƙe ta. Kuma kada a kai ta tsohuwar gonar ayaba da ƙwaro da tsutsa suka riga suka cika, sai an huta wa ƙasar ko an noma wani abu daban a cikinta.